Tsohuwar da Ta Hana a Kira Ɗanta

Ranar da aka bugo daga asibiti aka ce Paati ta cika, na rasa wanda zan fara gaya wa. Na zauna a tsakar ɗaki da waya a hannu, 'yata tana jan gefen zanena, ina duba sunaye ina wucewa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, na faɗa a fili, ba wanda ya amsa min. Daga ƙarshe na rubuta a zauren matanmu na waya, mu matan Arewa da ke Kuala Lumpur, ɗalibai da matan ɗalibai. Na ce tsohuwar nan maƙwabciyata ta rasu.

Nan da nan saƙonni suka fara sauka. Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, Allah ya kyautata namu zuwan. Sai wata ta tambaya, "Wait, ba Indian ɗin nan ba ce mai shafa toka a goshi?" Na ce ita ce. Ina kallo aka shiga goge addu'o'in ɗaya bayan ɗaya. Can wata ta sako tambaya ko akwai wadda ta san mai kawo daddawa daga kasuwar Chow Kit a wannan kullen na annoba, hira ta koma can.

Babbar yayarmu a zauren, matar wani malamin jami'a, ta kira ni. Ta ce, "Ƙanwata, sorry fa, na san kun shaƙu sosai. Amma ki yi a hankali wajen addu'a, kin dai gane ai." Na ce na gane. Ban kuma ji haushinta ba, don abin da ta tuna min shi aka koya min a Islamiyya tun ina ƙarama. Mijina da na kira shi a Kano ya ce sai haƙuri, sannan ya tambaya ko an yi min gwajin cutar, ko yarinya tana tari. Umma mahaifiyata ce kaɗai abin ya taɓa. Na ji ta ɗauko "Allah ya ji..." ta haɗiye sauran, ta ce, "Wayyo, matar kirki. Wayyo, baiwar Allah." Sai ta fashe da kuka, kukan matar da ko sunanta na yanka ba ta sani ba.

Da na sauka ƙasa sayen madara, ɗan Sin mai kedai, wato kantin da ke ƙasan benenmu, ya miƙo min 'yar ayabar nan ƙanana da yake ajiye wa Paati. Na girgiza kai. Ya dube ni ta saman takunkumi, ya gane, ya mayar da ayabar ya rataye. Iyakar makokin da aka yi mata a benenmu ke nan.

A gida, in tsohuwa ta rasu, tabarmi ake shimfiɗawa har waje, kowa ya zo ya faɗi abin da ya sani nata. A nan ƙofarta ce a kulle tana kallon tawa. Ba wanda ya zo min ta'aziyya, don a lissafin mutanenmu ba ni da gawa. Mutum ɗaya ne ya cancanci in je masa ta'aziyya, ɗanta tilo, shi kuma yana Singapore, iyaka a rufe. Ta kuma bar min wata amana a kansa wadda ta fi ƙarfin ƙirjina. Shi ya sa nake rubuta wannan, kada ta wuce kamar ba a yi ta ba.

Paati ba sunanta ba ne. Da yarensu na Tamil kaka ke nan, kuma haka kowa yake kiranta a benen, har mai shara. 'Yar ƙaramar mace ce, gashi fari fat, gwiwoyi sun gaji, in tana tafiya sai ta riƙa rangaji hagu da dama. Mijinta ya daɗe da mutuwa. Gidajenmu a unguwar Cheras suke, can sama, kowace ƙofa da ƙyauren ƙarfe mai raga a gabanta, tsakaninmu ɗan siririn baranda. Ba ta jin Hausa, ba na jin Tamil. Da guntun Turanci da guntun Malay muke lallaɓawa, sauran mu cike da hannu. Gaisuwarta ɗaya ce safe da yamma: "Sudah makan?" Kin ci abinci?

Ni karatu ya kawo ni, digiri na biyu a jami'ar da ke Jalan Semarak. Na dawo daga hutu da ciki, muka tsara Umma za ta zo ta zauna da ni in haihuwa ta matso. Sai annoba ta sauka, aka rufe ƙasa, aka rufe makaranta, aka ce kowa ya zauna inda yake. Wadda muke zaune tare ta samu jirgin ƙarshe ta tafi. Na rage ni kaɗai da ciki da bango huɗu. Ni mai surutu ce tun asali, a gidanmu har roƙona ake in yi shiru, sai ga shi ina wuni ban ji muryata ba sai a salla. Titin da ke ƙasa, wanda da ba a jin maganar juna saboda motoci, ya koma sai kukan tsuntsaye da jiniyar motar asibiti. Kaɗaici ya ci ni a watannin nan, ba zan ɓoye ba.

Ana haka wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙarfen ƙofata. Paati ce da roba a hannu, shinkafa mai zaƙi da aka dafa da madara, tana ƙamshin man shanu. Na karɓa ina murna. Sai ta ce, da fara'arta, ta riga ta kai gaban Swami, albarka ce, in ci don yaron ciki. Swami shi ne yadda take kiran Ubangiji. Na leƙa ta bayanta na hango ɗan kabad ɗin da take ibada a gabansa, da hotuna, da ɗan mutum-mutumin tagulla, da fitilar mai tana ci. Na miƙa mata robarta na ce ba zan iya ci ba, addinina ya hana ni cin abin da aka gabatar ga wanin Allah. Bakina ba ya iya zagaye-zagaye, yadda na ji haka na faɗa.

Fuskarta ta canza. Ta karɓe robar, ta juya, ta rufe ƙofa da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Kwanaki ba sudah makan, ba kallo. In mun haɗu wajen shanya sai ta sha kunu ta kau da kai. Ni ma na ɗaure tawa fuskar, na ce ai ban yi laifi ba. Amma baranda ta ƙara tsawo, gaskiya.

Ita ta fara saukowa. Ta zo da wata robar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan bai je gabansa ba. Daga tukunya sai ke." Na tsaya ina kallonta. Ta ce a al'adarsu, in an gama girki ba a taɓawa, ko ɗanɗana gishiri ba a yi, sai an fara zuba wa Ubangiji, sannan mutum ya ci saura. Shekara da shekaru haka take yi, don ta koya wa cikinta cewa ba shi ne farko ba. Ta ce ta zauna a gaban fitila tana kai ƙarata, wai ta yi min alheri na wulaƙanta ta, sai ta lura duk maganar "ni" ce da "nawa". Abincina, alherina, mutuncina. Ta ce, "Shi bai yi fushi ba. Ni ce nake son a gode min."

Daga ranar ta sauya tsari. In ta sauke tukunya, ta fara zuba nawa ta rufe, sannan ta zuba na gaban kabad, sannan nata. Wata matar ƙaninta ta ji labari ta waya ta yi mata faɗa sosai, ina jiyo muryar daga ɗakina, wai saura take ba Ubangiji. Da na tambaye ta ko na ja mata matsala, ta yi dariya har da riƙe ƙarfen ƙofa. Ta ce, "Shi ba ya jin yunwa, ke ce mai ciki. Da ni ce ta biyu, yanzu na koma ta uku. Ci gaba na samu."

Kada a ɗauka waliyiya nake zanawa. Paati tana da sa ido, ba abin da zai shiga ɗakina ba ta tambayi me ne ne ba. Tana da mita. Kuma duk wannan bayarwa tata, ba ta yafe roba. In na riƙe robarta ta kwana, da safe za ta tsaya a baranda ta ce, "Robata, mai shuɗin murfi." Wata rana na tsokane ta na ce, "Paati, ke da kika ce ba ki da komai naki?" Ta harare ni ta ce, "Robobi ban ba shi ba tukuna. Kawo."

Na haihu ni kaɗai a asibiti, ba a barin kowa ya shiga. Na dawo a tasi da jaririya a hannu, na hau bene ina jin jiri, na same ta a tsaye a bakin ƙofata kamar tun jiya take wurin. Umma ta kira ta bidiyo hankalinta a tashe, ba abin da ya dame ta sai wankan jego. Wa zai dafa min ruwa, wa zai gasa min jiki? Na juya wayar na nuna mata Paati. Tsofaffi biyu suka ƙura wa juna ido, ba mai jin yaren wata, ni a tsakiya ina tafinta da ɗinki a jiki. Umma ta ce a samo ganyen darbejiya in akwai shi a ƙasar. Na nuna wa Paati hotonsa. Ta buga ƙirji, ta ce ai wannan itacensu ne, akwai shi a harabar ɗakin ibadarsu na bayan kasuwa. Ta ɗaura takunkumi ta yi rangajinta ta tafi, ta dawo da dami guda.

Kullum da safe sai ta dafa ruwa a babbar tukunya ta zuba ganye, a jingina waya a kan bokiti, Umma tana ba da umarni daga Kano. "Ki ce mata ruwan bai yi zafi ba, ban ga tururi ba." Na fassara. Paati ta tsoma yatsa ta janye da sauri, ta ce, "Uwarki dafa ki take so a yi?" Na fassara wannan ma. Umma ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Haka ta riƙa fyaɗa min ganye da ruwan zafi ina ihu, ta shafe jaririya da mai, ta ɗura min wani romonsu na tafarnuwa da masoro mai sa gumi. In ta gama sai ta koma ta sake wanka kafin ta kunna fitilarta, don haka ƙa'idarsu take ga wanda ya taɓa mai jego. Har na yi arba'in ba ta yi fashi ba. Ranar suna ba rago a gabana, ba taro, ba 'yan uwa, an yanka a Kano an turo min hoto. Paati ce ta zauna da ni a ƙasa, ta ɗauki yarinyar tana ta gwada faɗin sunan tana karya shi.

A zaman jegon nan ta ba ni labarin ɗanta. Ta ce in ba ta faɗa min ba zan ɗauka haka aka haife ta. Mijinta ya mutu yaron yana ƙarami, ta rene shi da ɗaura furanni tana sayarwa a bakin ɗakin ibada. Ta ce ta so shi irin son da ke shaƙe mutum. Da ya yi aure ta hana matarsa sakat. Ba ta iya girki ba, ba ta iya wanki ba, me ya sa ya saya mata wannan bai saya min ba. In ya shiga ɗakin matarsa sai ciwon ƙirji ya tashi. Ta ce, "Ciwon ƙarya, ɗiyata. Na iya shi sosai." Har matar ta gaji ta ce ko ita ko uwar. Ya kwashe iyalinsa ya koma kudu, kusa da iyaka, ya samu aikin tuƙin bas a Singapore.

Ta ce ta yi wata da watanni tana kuka a gaban kabad tana cewa a dawo mata da ɗanta. Wata rana tana ɗaura fure sai ta ji abin da bakinta yake faɗa: nawa, nawa, nawa. Ta ce ashe duk ibadar da take yi ciniki ne, ta ba da fure a ba ta ɗa. Daga nan ta ɗauki wata ɗabi'a. Kowace safiya sai ta nemi abu ɗaya da take cewa nata ne ta ajiye a gaban Ubangiji, ta ce ga kayanka. Wata rana sarƙa ce ta ba wata, wata rana magana ce da ta so ta rama ta haɗiye. Ɗan kuwa ta daina kiransa ta ce ya zo. In ya bugo sai ta tambayi matarsa da yara, ta ce lafiyarta ƙalau. Ta ce wannan ne kaɗai take ajiyewa yau, gobe ta tarar ya dawo hannunta, ta sake ajiyewa.

Ni Musulma ce, kuma zama da ita bai taɓa min imani ba. Na taɓa zaunar da ita na yi mata bayanin tauhidi iya sanina, da zuciya ɗaya, don ina son ta. Ta saurara har ƙarshe, ta shafa kaina, ta ce lokacin sallata ya yi, in kawo yarinyar ta riƙe min. Ita ce mai tuna min la'asar in na shagala da rubutun bincike. Amma akwai ranakun da nake idar da salla in lura addu'ata duk a ba ni ce, a ba ni, sai maganarta ta faɗo min in ji kunya.

A shekara ta biyu ta annoba, lokacin da cutar ta yi tsanani har ba ka raba jiniyar wata mota da ta wata, Paati ta fara zazzaɓi. Aka gwada ta, aka ɗaura mata abin hannu na masu killace kai, aka ce ta zauna a gida tunda asibitoci sun cika. Ta kulle ƙyauren ƙarfenta ta ciki ta hana ni matsowa saboda yarinya. Ta jawo kujera ta zauna daga can ciki, ni ina bakin tawa ƙofar, muna magana ta cikin raga. Girki ya dawo kaina. Ba ta cin nama, ba ta cin ƙwai, don haka na sayi sabuwar tukunya da nama bai taɓa shiga ba, ina yi mata faten wake da alayyafo, in rataya a ƙarfe in ja da baya. Na hango ta tana ɗiban cokali guda tana kaiwa gaban kabad. Na ce, "Paati, har abincin nawa za ki kai masa?" Ta ce, "Kin ba ni ai." Na kau da kai.

Numfashinta ya fara nauyi. Wata rana da azahar ɗan ya bugo, ta sa shi a lasifika don hannunta ba ya iya riƙe waya. Ba na jin yarensu, amma na ji muryarsa tana rawa, na ji tata ta miƙe garau kamar ba ita ba. Har dariya ta yi masa. Da ta kashe wayar ta kife kai a hannun kujera, kafaɗunta suna girgiza, tana kiran wani suna a hankali, sunan da take kiransa yana yaro.

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce ya ce zai ajiye aiki ya taho. Ta ce masa ɗan zazzaɓi ne, kada ya soma, ba ta buƙatarsa, tana da Swami, tana da maƙwabciya.

Raina ya ɓaci. Na miƙe na kama ƙarfen ƙofata na ce, "Paati, wannan ba daidai ba ne. Uwa ce ke. A wurinmu in uwa ta kira, ko mutum yana bakin duniya sai ya taho. Haƙƙinki ne. Ba ni lambarsa in gaya masa gaskiya."

Ta ɗago ta ce, "Haƙƙina." Ta ja numfashi. Ta ce in ya tsallako iyaka sai an killace shi makonni kafin ya iso, kuma ba lallai a bar shi ya koma ba. Aikin ya tafi ke nan, ga yara a makaranta, ga matar da ta riga ta cuta sau ɗaya. A addininsu ɗa ne ke sa wa gawar uwarsa wuta. Ta ce tun yana goye take ganin wannan ranar, shi a tsaye a kanta. Ta ce, "Ina son ganinsa fiye da numfashin nan da nake nema. Ba ni da abin da ya fi shi. To shi zan ajiye yau."

Na ce ban yarda ba. Na yi ta faɗa, har da Hausa, yarinya ta tsorata ta fara kuka. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce in yi mata alkawari ɗaya, da sunan Allahn da nake yi wa salla. In ya zo daga baya ya tambaye ni, kada in gaya masa ta neme shi. In ya sani zai ɗauki abin a ka har ƙarshen ransa, ya ce ya bar uwarsa tana kiransa. Gara ya ɗauka ba ta damu ba. Ta ce, "Ɗiyata." Na yi mata alkawari, ina kuka ina jin haushinta.

Da motar asibiti ta zo, mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka ɗauko ta a kujera. Suka ce in koma ciki in rufe ƙofa. Ta ragar nake kallo. Ta ɗaga hannu ta nuna bakinta, ta nuna ni, wato na ci abinci? Na gyaɗa kai, ƙarya nake yi. Ban sake ganinta ba.

An ƙone gawarta yadda addininta ya tanada, ma'aikata ne suka yi, ba ɗa, ba dangi. Wani ɗan ƙaninta ya karɓi tokar. Na daɗe ban iya tuna wannan ba tare da tsikar jikina ta tashi ba, hannun da ya gasa min jiki. Ban roƙa mata abin da aka hana ni roƙa ba. Na bar lamarinta ga wanda ya halicce ta, shi ya san abin da ban sani ba, kuma ba ya zaluntar kowa. Amma kewarta ba wanda ya hana ni, na kuwa yi ta. Yarinyata ta fara tafiya a barandar nan, ta riƙa zuwa tana bubbuga ƙarfen ƙofar da ba mai buɗewa.

Sai da aka buɗe iyaka ɗan ya zo. Lokacin na ƙare bincikena, ina haɗa kayan komawa gida. Na ji motsin mukulli a ƙofar da ta daɗe ba a taɓa ba. Na leƙa na ga mutum mai furfura a gefen kai, yana da irin tsayuwarta. Na bar shi ya shiga ya jima. Sannan na sa hijabi na fito na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama irin tasu. Na gaya masa ko ni wace ce. Na yi masa ta'aziyya yadda muke yi, na ce yaya haƙuri, Allah ya ba da dangana, na fassara masa iya yadda Turanci ya ɗauka.

Ya gode min cikin ladabi, fuska ba yabo ba fallasa. Ya ce, "Ke ce ɗiyar da ta samu. Kullum sai ta yi maganarki." Yana naɗe hotunan kabad a jarida yana magana, ba ya kallona. Ya ce uwarsa mace ce mai ƙarfi, ba ta buƙatar kowa. Tun da ta kama ibada ta sake shi. Shekaru da yawa ko sau ɗaya ba ta ce masa zo ba. Ya san laifinsa ne da ya tafi, ya ɗauka horon da ta zaɓa masa ke nan. Har a ciwon ajali, ya ce zai zo, ta yi masa dariya. Ya ce, "Ubangijinta ya ishe ta. Ni dai ban samu wuri ba."

Ga abin da na sani yana cin bakina, ga alkawarin da na yi da sunan Allah. Na yi niyyar in ce sai anjima in gudu ɗakina. Sai ya ajiye jaridar, ya fito baranda, ya dube ni sosai karo na farko.

Ya ce, "'Yar'uwa, ke kina wurin. Ta neme ni? Ko sau ɗaya?"

Ƙarya ba zan iya yi masa ba. Alkawari kuma na yi.

Na ce, "Ta hana ni amsa maka wannan tambayar."

Ya ce, "Ta hana ki?"

Na ce, "Sai da ta sa na rantse."

Ya tsaya yana kallona, leɓensa yana motsi. A hankali ya ce, kamar da kansa yake, in da ba ta neme shi ba, me za ta hana a faɗa? Ya sulale ya zauna a ƙasan baranda, babban mutum mai furfura, ya jingina kai da ƙarfen ƙofarta yana kiran Amma, Amma, wato uwa da yarensu.

Har yau ban san ko Paati za ta ce na riƙe mata amana ba. Ban ƙara masa ko kalma ɗaya ba, shi ma bai sake tambaya ba. Na zauna a bakin tawa ƙofar da yarinya a cinya, na bar shi ya yi kukansa, ni ma na yi.